Kukan da Ake Ji Daga Kujerar Baya

Shekarun baya, a wani hutu da na dawo gida Illela daga jami'a, na tarar mahaifina zai sayar da motarsa. Ba wanda ya faɗa mini da baki. Na dai ga ya kwance carbin da ke rataye a madubinta, ya kwashe tsofaffin kaset ɗin karatunsa ya zuba a kwali a ɗakin mahaifiyata.

Motar ta girme ni. Doguwa ce, fara a da, amma rana ta mayar da ita kalar gero. Tun da ya bar aikin koyarwa, da ita yake ɗauko albasa daga gonakin Tozai zuwa kasuwa, tasa da ta maƙwabta. Abincinmu ce, kuma ita ce take fitar da shi da safe ya gaisa da mutane ya dawo mana da labari. Na san shi. In aka zaunar da shi a zaure, tsufa zai kama shi kafin damina.

Ciwon motar shi ne, da zarar ya yi lodi sai ta riƙa tangaɗi a hanya kamar mai jiri. Sitiyari yana hannunsa, ita kuma da nata ra'ayin. Ya kai wa abokinsa makanike, wanda muke kira Kawu, shi Baba ya ce masa matsalar sitiyari ce. Kawu ya yi ta canje-canje a ƙafar gaba. Su hau kwalta su biyu su gwada ta ba kaya, lafiya lau. A yi lodi, ciwo ya dawo. Ranar da ta kusa jefa shi cikin garken shanu, mahaifiyata ta ce ya isa haka.

"Ba ni son a kawo min kai a kwance saboda albasa," in ji ta.

Aka yi magana da wani mutumin Konni, zai zo ranar Lahadi ya ɗauke ta ya farfasa, ya sayar da kayanta.

Ni kuwa a gidanmu an san ni da mafarkin ido biyu. In an aike ni gishiri, sai in tsaya kallon tantabaru in dawo hannu sake. Tun ina ƙarama wurina a motar ɗaya ne, kujerar baya, bayan direba. Ta gaba ta maza ce, haka muka taso ba wanda ya taɓa tambaya. Nakan jingina kaina da gilashi in yi ta saurare, har hanya ta zama mini kamar waƙa.

Da zai je ɗauko lodinsa na ƙarshe, na ce zan raka shi. A dawowa, but ɗin motar cike da buhuna, wasu a gefena, na jingina kaina kamar yadda na saba. Sai na ji waƙar ta canja. Duk ramin da muka faɗa, wani abu zai ce ƙwal a ƙarƙashina, motar ta yi sama ta yi ƙasa ta sake yin sama, kamar ƙwarya a kan ruwa. Bayan ƙarar ne jelar motar take ɗan zamewa, sannan in ga kafaɗun mahaifina sun ɗage yana kokawa da sitiyari. Na bari ramuka da yawa suka wuce don in tabbata. Kullum ƙarar ce farko, hannunsa na biye.

"Baba, ba gaba ba ne. Baya ne."

"Mi ne baya, Uwata?" Haka yake kira na, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Ciwon motar. Tana fara kuka a ƙarƙashina, sannan kai ka ji a hannunka."

Ya yi dariya. "Ke da ba ki san birki da totur ba?"

Gaskiya ne, ban sani ba. Amma na san kunnensa na hagu ya yi nauyi, ga kuma rurin inji a gabansa. Na roƙe shi kada ya sauke kayan, mu wuce gareji da su haka. Ina jin don kada ya ɓata mini rai ne kawai ya yarda.

Muka sami Kawu a inuwar dogonyaro yana dara da wasu direbobi. Ya dubi buhunan ya ce, "Malam, hanyar kasuwa ta ɓace maka? Nan ba mu sayen albasa."

"Ɗiyarka ce ta zo maka da karatu. Saurare ta."

Na gaishe shi, na ce ina roƙonsa ya shiga kujerar baya Baba ya ja mu.

"Ni? Baya?" Ya ajiye 'ya'yan darar. "Ɗiyata, makanike ko dai yana kan sitiyari ko yana ƙarƙashin mota. Tun da anka yaye ni aikin ga ban taɓa zama wurin mata ba."

Wani direba ya ce wa Kawu, "Shiga mana Hajiya, a miƙo miki gyale!" Suka kwashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar na ce, "Kawu, ai likita ma inda ciwon yake nan yake kai kunne."

Sai ya kakkaɓe rigarsa, ya matsa tsakanin buhunan albasa yana gunaguni. Ni kuma na zauna gaba, karo na farko a rayuwata. Ashe haka hanya take da faɗi.

Baba ya bar kwalta ya kama hanyar Darna. Ramin farko, shiru. Na biyu ya ce ƙwal.

"Tsaya hwa, Malam! Koma da baya ka sake bin ramin ga."

Aka sake bi, aka kuma. Kawu ya fito ya danna kusurwar motar da ƙarfi ya saki, ta yi ta lilo ita kaɗai. Ya kwanta a ƙasa ya leƙa, can sai na ji muryarsa daga ƙarƙashi.

"Zo ki ga abin da kunnenki ya kamo."

Na durƙusa. Ya nuna mini shokazoba, wato ƙarfen da ke hana mota tsalle, ta jiƙe sharkaf da man da ya tsiyaye daga cikinta. Sannan ya nuna mini bushin, zoben robar da ke riƙe hannun tayar baya a jikin mota, ya farfashe kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Ya ce in ba kaya, yana zaune a wurinsa ba ya magana. In nauyi ya hau, ƙarfe ya bugi ƙarfe, tayar ta goce, sai baya ya riƙa tuƙa gaba.

"Mai mota ya ce gaba, ni ma na tsaya gaba," in ji shi. "Kuma kullum da yunwa muke gwada ta."

Washegari ya tsallaka Konni a babur ya dawo da shokazoba biyu da sababbin bushin. Baba ya ce ai gefe ɗaya ne ya lalace, Kawu ya ce ba a yi wa mutum sabon takalmi ƙafa ɗaya. Ni na fake da kai musu fura na zauna. Wani noti ya yi tsatsa ya ƙi motsi, sai da aka jiƙa shi da mai aka gasa shi da wuta. Tsohuwar robar ma ƙona ta aka yi, hayaƙinta ya sa ni hawaye. Sabuwar kuma Kawu ya shafe ta da sabulu, ya ɗora guntun bututu ya yi ta bugawa a hankali har ta zauna. Aikina riƙe fitilar waya da miƙa sifana, kuma duk wadda na miƙa ba ita ba ce. Hijabina na ranar bai sake fita unguwa ba.

Da ya sauke motar daga jak, bai ɗaure notukan ba. Ya sa aka mayar da buhuna, ya ce mini, "Koma wurinki ki zauna." Ya ce roba tana ɗauke da nauyinta ake ɗaure ta, in ba haka ba za ta murɗe ta yage. Haka na zauna a kujerata ina jin kowane juyin sifana yana hawowa ta ƙasan ƙafata.

Muka koma hanyar Darna. Rami ya zo, motar ta sauka ta tashi sau ɗaya ta miƙe. Sai na ga kafaɗun Baba sun sauko. Mahaifiyata dai ba ta yarda da bakin kowa ba. Ta yafa mayafinta ta shiga baya da kanta, aka kai ta Garu aka dawo da ita. Ta fito ta ce, "Na ji shiru. To."

Ranar Lahadi mutumin Konni ya zo. Baba ya ba shi shayi da kwandon albasa na wahalar hanya, ya ba shi haƙuri.

Har yau ban iya tuƙi sosai ba, kuma har yau ina mantuwar aike. Amma daga lokacin na daina jin kunyar shiruna. Na gane cewa zama a baya ma wuri ne, akwai abin da sai mai shi yake ji, in ya daure ya faɗa. Baba kuwa duk shekara labarin ƙaruwa yake a bakinsa. Da farko ni na ji ƙarar. Daga baya ni na nuna wa Kawu bushin. Bara na ji shi a zaure yana gaya wa baƙi wai ni na shiga ƙarƙashin mota na kwance shokazoba da hannuna. Ina bayan labule da tiren shayi, na buɗe baki zan gyara masa, sai na ji yadda muryarsa take. Na yi sallama na ajiye shayin, na bar shi ya ƙarasa.