Maus ɗin Yaya da Awon Yumɓu

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta ambaci sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, in kuma tana son ya yi wani aiki sai ta ce a faɗa wa wancan, ko da wancan ɗin yana tsaye a gabanta. Ni da na yi boko har na zama malamin firamare a Safana, na daɗe ina ganin abin wahalar da kai ne kawai, kuma ban ɓoye ba. Baki gare ni, kowa a gidan ya sani.

Shekarar da ɓarayin daji suka shiga ƙauyenmu na wajen Ruma suka kore shanu, harsashi ya sami Yaya a hannun dama. Aka yanke manuni da na tsakiya. Muka kwashe muka koma Batsari, Inna ta ci gaba da ginin tukwanenta a bayan gida. A asibiti an faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: yatsu ukun da suka rage, in bai riƙa motsa su ba za su sandare, in kuwa suka sandare, shi da fartanya har abada. Aka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ko kwana uku ba ta yi a hannunsa ba ta koma abin wasan 'ya'yansa. Mutumin da a da ba a cinye shi a dara sai ga shi ya daina fita, hannu kullum a aljihu, magana sai ta zama dole.

Duk Juma'a nake zuwa gida da tsohuwar laftof ɗina. Akwai wani wasa da nake bugawa a ciki, na kafa gari: ka tura mutane gona, ka tara itace, ka yi ganuwa, maƙiya su kawo hari ka kare kanka. Ni dai ban iya ba, kullum sai an ƙone mini gari. Wata Asabar da hantsi ina bugawa a zaure, sai na ji murya a bayana ana cewa wane wawa ne ke barin dabbobi a wajen ganuwa. Yaya ne. Wata huɗu rabon da ya zage ni, ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Daga ba da umarni ya koma son karɓar wasan da kansa. Na ce ya gwada da hagu, ya ce hagu ba ta taɓa buga masa dara ba. Sai ya ɗora daman a kan tsohon maus ɗina mai waya, abin nan da ake ja a danna, alama ta motsa a fuskar kwamfuta. Matsalar ita ce maɓallan suna daidai inda yatsun da ya rasa za su zauna. Dole ya karkace hannu ya danna da na kusa da ƙarami, wuyan hannun ya ɗauki zogi. Ga shi ba ya iya miƙe hannun sosai, sai dai ya aza shi a kan katako kusa da cinyarsa, wayar kuma gajera, tana ta fizge masa abin. Amma yatsun suna motsi. Wannan kaɗai na gani, na ce lalle sai na samo masa marar waya, irin na masu wasa, mai maɓallai a gefe inda babban yatsa zai yi aikin.

Na kwashe mako guda ina bincike a waya. Na haddace lambobin sauri da na ƙarfin batir, na zama gwani a bakina. Na sa wani abokina ya aiko da ɗaya daga Kano, baƙi, ƙato, yana walƙiya ja da shuɗi. Na kawo shi gida ina taƙama. Yaya ya ɗora hannu, babban yatsan bai kai ga maɓallan ba. Ya yunƙura ya ɗaga shi ya gyara, maus ɗin ya suɓuce masa ya faɗi a gaban matarsa da 'ya'yansa. Ya mayar da hannun aljihu, sannan ya ce in na tashi komawa Safana in tafi da kayana duka.

Haushi ya kama ni, na rasa inda zan sauke shi sai kan Inna. Na same ta a bayan gida tana cuɗa yumɓu, na ce ɗanta na can yana lalacewa ita ko kallon hannun ba ta taɓa yi ba, wai kunya. Na faɗi maganganun da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Ta bar ni na gama, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"In za ka sayo ma yaro takalmi, mi kake tahiya da shi kasuwa?"

Na ce karan da aka auna ƙafarsa.

"To kai da mi ka tahi?"

Ni kuwa da lambobi na tafi.

Ta sa na ɗauko mata tsohon maus ɗin, wanda take kira kunkuru. Ta juya shi a tafinta, ta yanki yumɓu mai laushi ta mulmula curi mai kama da shi. Ta aza a faifai ta ce in kai wa wancan, in ce hannunta ya gaji, ya ɗora nasa ya danne mata sau ɗaya, kada ya yi ƙarfi, yadda dai hannun ya ga dama ya zauna. Na tabbata Yaya ya gane, don ba a danne yumɓu sau ɗaya a ce an taya aiki. Amma saƙon Inna ne. Ya zaro hannun daga aljihu ya ɗora.

Kwana biyar curin yana shanye a inuwa. Da ya bushe ta kira ni ta yi mini karatunsa. Ga inda babban yatsa ya kwanta, can baya, ba gaba ba. Ga gurbin na kusa da ƙarami, ya fi zurfi, shi ne mai sauran ƙarfi. Ga tudun tafin, ya karkata dama saboda tabon yana ja. Ta ce yumɓu yana tsukewa in ya sha iska, saboda haka in ƙara kaurin tsinken tsintsiya a kowane gefe. Sannan ta ce kada abin ya fi ƙwan zabo biyu nauyi, domin wancan yana ɗaga kofin koko in rabi ne, in an cika sai ya tallafa da hagu. Ta ƙara da cewa in nemi mai cin batir irin na tocila, kada a ce sai an jira wuta.

Ni da nake zama gefensa ina surutu ban taɓa lura da kofin koko ba. Matar da na ce ba ta kallonsa, ashe ba abin da ya wuce ta. Ban ba ta haƙuri a ranar ba, girman kai ya hana, sai dai na ɗauki kwanon da ta naɗe curin a ciki da hannu biyu.

A kasuwar Katsina shago biyu suka yi mini dariya. Na uku wani dattijo ne mai tabarau. Da na buɗe kwanon na yi masa bayani, ya daɗe yana kallon gurbin yatsu uku, sannan ya sauko da duk marasa wayan da yake da su ya zube a kan tebur. Muka riƙa jera su ɗaya bayan ɗaya kusa da curin, muna duba tsawo da tudu, da inda maɓallan gefe suka faɗo. Masu walƙiyar nan duk suka faɗi jarrabawa. Ƙwan zabo kuwa dafaffe na saya a tasha, na riƙe biyu a hagu, maus a dama, ina aunawa, dattijon yana murmushi. Wanda ya dace wani ɗan toka-toka ne marar kwalliya, gajere, maɓallansa biyu na gefe sun zauna daidai ramin babban yatsan. Dattijon ya haɗa shi da kwamfutarsa ya mayar da aikin manyan maɓallan zuwa na gefen. Da zan tafi ya ce in gaida wadda ta yi awon, ya shekara da shekaru yana sayar da abin nan ba a taɓa zuwar masa da hankali irin wannan ba.

Ban miƙa wa Yaya ba. Na koyi darasi. Na ajiye shi a kan katakon tare da laftof ɗin na koma Safana, na bar su. Juma'ar da na dawo, tun daga ƙofar gida nake jin ƙarar wasan. Ya zagaye garinsa da ganuwa biyu, dabbobi duk suna ciki, babban yatsan yana ta aiki, sauran biyun sun kama gefen maus ɗin suna ja. Bai yi mini godiya ba, cewa ya yi in zauna ya koya mini. Inna tana wucewa da tulu ta ce wa matarsa a faɗa wa wancan ya riƙa tashi in an kira salla.

Haka aka ci rani. Batir nawa ya ƙarar ban sani ba. Sannu a hankali ya fara ɗaga kofi cike, ya fara ɗaure igiyar akuya da kansa. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, wani ɗan'uwanmu ya ba shi aron gona a bayan gari, sai Inna ta sake ba ni wani curin, wannan karon dogo kamar taɓarya, ta ce a kai wa wancan ya damƙe iya ƙarfinsa. Ya damƙa har yumɓun ya tsattsafo ta tsakanin yatsunsa. Ta duba, ta juya, ta ce in kai wa masassaƙi ya fere ƙotar fartanya a kan wannan awon. Da ita Yaya ya yi noman fari a daminar nan. Bai kai saurin da ba, amma ya kai ƙarshen kunya.

Curin farko kuwa na ɗauka ta jiƙa shi ta mayar cikin yumɓu, yadda take yi da duk abin da ba a gasa ba. Sai bara, da zazzaɓi ya kwantar da ita na shiga ɗakinta neman magani, na gan shi a gefen matashinta. Ashe ta gasa shi tare da tukwane, ya yi ja. Na tambaye ta na mene ne, ta ce faifai take dannewa da shi saboda kaji. Na ɗauka na duba. Ko'ina a jikinsa da kaushi, ban da gurbin yatsun nan uku, su sun yi sumul har suna sheƙi saboda yawan shafa.

Ta miƙo hannu ba ta dube ni ba, ta ce in ba ta kayanta.