Katakon da Baba Yake Juyawa

Jiya na dawo daga gona a gajiye, na tarar katakon kantar da na saya da araha a kasuwar Makarfi ya lotsa kamar bayan tsohon jaki, littattafan marigayi Baba na shirin zubewa.

Duk ƙarshen damina yakan sauke su kan tabarma, ɗaki ya cika da ƙanshin tsohuwar takarda, sannan ya kife katakon kantarsa. "Kama can, ɗana," in ji shi. "Katako ma yana gajiya, bari ɗaya gefen ya ɗauka."

Na gwada juya nawa, ya karye a hannuna. Ashe garin katako ne aka manne.

Allah ya sauke wa Baba nauyi, ya hutar da shi.