Inda Za a Binne Mabiyiya

Warin ganyen dogonyaro cikin tafasasshen ruwan jego ne ya taso mini da wannan magana. Shekaranjiya matar ɗana ta sauka, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba.

A gidanmu na Ƙofar Taramniya, sa'ad da nake yaro, akwai wata kurna bayan ɗakin Kaka, mahaifiyar babana. Duk wanda aka haifa a gidan, gindinta ake binne mabiyiyarsa. Kaka da kanta take wanke ta, ta naɗe a tsumma, ta tona da 'yar fartanya, ta rufe, ta yayyafa ruwa. Ta san wurin kowa. In mun taru tsintar kurna, sai ta riƙa nunawa da sanda: nan babanku, nan goggonku, nan kuma kai, mai kunnen ƙashi. Har waɗanda suka koma kafin suna ba ta tsallake su. Ƙasar wurin sanyi gare ta ko da rana ta take, kamar gindin randa.

Aka yi ta haihuwa, masha Allah. Yayyena suka yi aure, aka yanki garke aka yi ɗaki. Aka cike rijiya aka yi ɗaki. Gonakin da muke zuwa kalar gero wajen Gidan Dare su ma suka zama gidaje. Da aurena ya taso, kurnar kaɗai ta rage. Kaka, lokacin ta makance, ta ji saran gatari, ta ce, "Ku bar ma ƙasa inda za ta numhwasa. Mutanena na nan ƙasa." Wallahi dariya na yi, na ce tsufa ne. Ni na riƙe wa magini tiyo ranar da aka malale wurin da siminti, aka tayar mini da ɗaki a kai.

Yau gidan ba masakar tsinke. Da bazara ɗaki ba ya zaunuwa, da damina ruwa ya rasa inda zai nutse, sai ya biyo mu har ƙarƙashin gado.

To, shekaranjiya ungozoma ta fito da ƙwarya a rufe, ta tsaya gabana. "Alhaji, ina za a sa ta?" Na dubi gabas, na dubi yamma, siminti ne da kwata. Ƙanena ya ce a ƙulle a leda a kai bola. Na ji kamar ya mare ni.

Na ɗauki guduma na shiga ɗakina, na janye gado, na fasa daɓe. Ƙasar ta fito fara fat, busasshiya kamar toka, ga matacciyar saiwar kurna kwance ciki. Na binne, na yayyafa ruwa yadda Kaka take yi. Ruwan ya tsaya a sama, ƙasar ta ƙi sha.

Na daɗe a tsugune, tsoro ya kama ni. Ban san a kan wa na tona ba. Mai nunawa da sanda ta tafi. Shekara talatin ina kwana a kansu, ban san wurin ko ɗaya ba, har nawa.