Ɗingishin da Na Ara

A lokacin ni saurayi ne ɗan kama, ina bin kasuwanni daga Gaya zuwa Kademi har Ajingi, ina ba mutane dariya suna watso mini kuɗin wuri. Ban iya noma ba, ban iya saƙa ba, amma in na kalli mutum sau ɗaya na ɗauke tafiyarsa da muryarsa. Wannan baiwa ce ta kumbura mini kai.

Wata shekara da kaka na ƙago wani mahauci a wasana, mugu, mai jawo mushen akuya daga bayan gari ya feɗe ya sayar wa bayin Allah. Wallahi babu wannan mutum a duniya, daga kaina na fito da shi. Sai dai wasa ba ya armashi sai da jiki, don haka na ara masa tafiyar wani dattijon mahauci na Ajingi, mai ɗingishi da ƙafar hagu, wanda kan yi gyaran murya kafin ya faɗi kuɗin nama. Mutumin nan bai taɓa yi mini komai ba. Hasali ma ya sha yi mini gyara in na sayi tsire a wurinsa.

Wasa ya karɓu, ni kuwa na samu wuri har da riga. Kafin damina mata sun daina aike rumfar dattijon. Namansa ya riƙa kwana yana wari, masu wucewa kuma su toshe hanci su ce ai ga zancen ɗan kama ya fito. Ya same ni har gida, ya roƙe ni don Allah in bari, ya ce yana da iyali. Na tambaye shi ko na taɓa kiran sunansa, har na ƙara da cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wannan magana har gobe tana ci mini rai.

Ya kai ƙarata gaban alƙali a Gaya kan na ɓata masa suna. Alƙali ya ce ba zai yi hukunci a kan abin da bai gani ba, in yi wasan a gabansa. Da ina da hankali da na lalata wasan. Amma ina ganin taro sai kaina ya ɗau zafi, na yi ɗingishin, na yi gyaran muryar, har dogarai suna riƙe ciki, kowa yana satar kallon dattijon. Alƙali ya ce tunda ban ambaci suna ba babu abin kama ni, ya ja mini kunne ya sallame mu. Dattijon ya miƙe zai fita, sai na ga yana ƙoƙarin taka ƙafar nan daidai don kada a ga ɗingishin, har ya kusa faɗuwa a bakin zaure. Bai jima ba ya kwashe iyalinsa ya bi fatake gabas, ban sake jin labarinsa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, mutanen da suka yi ta dariya suna ƙaurace wa namansa, su ne suka juyo suna ce mini mugun baki. Babu wanda ya ce shi ma da hannunsa a ciki. Na nemi aure a Ajingi an hana ni, na bar sana'ar, na koma ƙwadago a gonakin mutane.

Alƙali ya wanke ni, amma ban san me zan ce ba ranar da za a tsayar da ni da dattijon nan. Duk mai ƙaga labari ya ji tsoron Allah, ɓoye suna ba ya ɓoye mutum in ka ɗauki kamanninsa. Yanzu na tsufa, kuma har yau yaran Ajingi in suna wasan mai mushe sai su ja ƙafar hagu su yi gyaran murya. Ba su san ƙafar wa suke ja ba, ni na sani.