Sunan da Na Ƙara a Takardar Sojoji

Mantuwa ta fara yi mini sata yanzu, har tabarau nakan nema alhali yana kan hancina. Amma akwai layi ɗaya da na taɓa bugawa da tafireta, wanda ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah.

A shekarun casa'in, zamanin mulkin soja, ina da ɗan shago kusa da tasha a Potiskum, da tafireta ɗaya da injin fotokwafi. A lokacin ana ta kai sojojinmu wata ƙasa can bakin teku aikin raba faɗa, labarinsu kuma ba ya zuwa sai jefi-jefi. Kwatsam wata takarda ta ɓullo a gari, da hatimi a samanta, wai sunayen sojojin da aka kashe ne gwamnati ta ɓoye. A ƙasa an rubuta duk wanda ya karanta ya buga goma ya raba, in ya ƙi alhakin jininsu na wuyansa. Ni kuwa kakata ta yanke saƙa, injina bai huta ba. Ban taɓa tambayar daga ina ta fito ba, kuma babu wanda ya tambaye ni.

Kwafi a kan kwafi, rubutun ya dushe har ba ya karantuwa. Ranar kasuwa wani dillali daga Kasuwar Shanu ya kawo tasa, ya ce in sake buga ta sabuwa. Ina cikin bugawa ya sunkuyo ya ce tunda sabuwa ce, in sa sunan sojan nan na garin Danchuwa, ɗan tsoho mai gyaran keke, don direban da ke kai musu shanu Kudu ya ji da kunnensa cewa shi ma ya rasu. Na ce ya tabbata? Ya dube ni kamar na zage shi. Dattijo ne da babbar riga, ni kuma ɗan shekara ashirin da 'yan kai mai jin kansa ɗan boko. Na buga sunan a ƙarshen jerin. Na sa reza na yanko hatimin tsohuwar takardar na manna a sama, na ɗora a inji. Ta fito tsaf, har na yaba wa kaina.

Bayan kwana goma na ji ana zaman makoki a Danchuwa. Takardar ta je Gadaka, ta dawo a aljihun wani ɗan'uwansu, aka karanta wa tsoho sunan ɗansa. Matar sojan, wadda ya kawo gida da ciki kafin a tafi da su, ta shiga takaba da cikin wata bakwai. Hankalina ya tashi, na nemi direban nan a tasha. Ya ce shi iyakar abin da ya faɗa, an daɗe ba a ji ɗuriyar yaron ba. Amma yanzu ai magana ta tabbata, in ji shi, tunda ya gani a takarda.

Na yi kwana biyu ina saƙa da warwara, sannan na tafi. Na sami tsoho a ƙofar gida a kan tabarma, da takardar ninke a aljihunsa. Na durƙusa na yi masa gaisuwa, na ce: "Baba, wannan takarda ni na buga ta. Sunan ɗanka da hannuna na ƙara, ban san komai ba game da shi."

Ya ciro takardar ya nuna mini hatimin da ɗan yatsa. "Yaro, Allah ya yi maka albarka, na san tausayina ka ji. Amma kai wane ne da za ka buga takardar gwamnati?"

Na rantse, na kwatanta masa rezar da mannawar, a banza. Takardar da na yi da hannuna ta fi ni daraja a idonsa.

Na rufe shago na hau mota zuwa barikin da aka ɗebi su yaron, tafiyar yini guda. Da ƙyar na ga wani tsohon saje mai furfura. Ya karanta, ya girgiza kai, ya ce irinta ta isa bariki tun tuni, kuma kowane gari da sunayen da aka ƙara. Ya ce in duba da kyau, ko akwai lambar soja ko ɗaya a jikinta? Babu. Ya ce soja ba ya mutuwa da suna kaɗai, da lambarsa ake sanarwa, kuma mutane ake turawa har gida da kayansa, ba a tasha ake rabawa ba. Na roƙe shi ya rubuta mini haka, ya ce ba shi da wannan izini.

Na dawo da murnata na gaya wa tsoho. Ya ce to ai takardar ta faɗa, ɓoyewa suke yi, me nake so saje ya ce? 

Wata biyu bayan haka matar ta haifi namiji. A al'adarmu yaron da aka haifa bayan rasuwar ubansa Audi ake yi masa laƙabi, haka kuwa aka yi. Na je sunan na tsaya a baya, aka miƙo mini goro na kasa ci.

Yaro na da wata huɗu sojan ya sauka a tasha da jakarsa, ya rame amma lafiyarsa ƙalau. An ce da ya yi sallama mata suka watse, tsoho kuwa ya riƙe hannunsa ya ƙi saki har aka kira la'asar. Na je na nemi gafarar sojan. Mutum ne mai sanyin hali, ya ce ya yafe, sai dai ya ce abu ɗaya ya gagare shi. Ya hana, ya yi faɗa, ya roƙa, amma laƙabin ya riga ya kama bakin mutane.

Daga ranar na daina buga duk takardar da ban san tushenta ba, ko wa ya kawo ta. Na gane cewa mai yaɗa ƙarya ba lallai ne mugu ba, sau da yawa mutumin kirki ne da ya ji kunyar tambaya sau biyu, kuma in ta bar hannunka ko kai ba ka isa ka dawo da ita ba. Audin nan yanzu magidanci ne da 'ya'yansa. Ubansa na nan da ransa, suna tafiya masallaci tare, kuma a gabansa ake kiran ɗansa da sunan maraya.