Guzurin Inna a Bakin Sikeli

Shekarun baya can, lokacin da nake jan bas tsakanin Kalgo da Jega har bayana ya fara ƙara irin ta motar, wani ejan ya samo mini aikin tuƙin tankar ruwa a Saudiyya, kwangilar shekara biyu. Ni ban yi boko mai nisa ba, a aji biyu na sakandare na ajiye biro. Don haka abu biyu kawai na riƙe daga takardar da ya karanta mini: ranar tashi, da cewa jaka ɗaya aka yarda, kilo ashirin da uku. Sau uku ya maimaita kilon nan kamar mai magana da kurma.

Kafin sati ya zagayo duk gari ya ji. Mutanen da in na gaishe su a tasha da ka suke amsawa, sai ga su suna sallama a ƙofar gidana, kowa da saƙonsa. Wannan tana da ɗiya a Jidda, a kai mata atamfa da turaren wuta. Wancan ƙanensa na Madina, a kai masa kilishi da takalmi. Wani Alhaji na unguwarmu, wanda bai taɓa shiga motata ba don ya fi ƙarfin bas, ya zo da kansa da ɗinkakkun shaddoji kala uku na ɗansa mai karatu a can.

"Ɗan abu ne, ɗan'uwa," in ji shi. "Bai da nauyi."

Ranar na fara zama ɗan'uwansa. Na kwance kowane ƙulli na duba, wannan kam na yi hankali. Amma cewa a'a ta gagare ni. Kara ce, irin wadda aka raine mu da ita. Kuma kar in yi muku ƙarya, na ji daɗin ganin manya a tsugune kan tabarmata. Nawa kayan kuwa, manyan riguna biyu na zuba da huluna huɗu da takalmi sau-ciki. Direban tanka. Har yau ban san bikin wa na yi niyyar zuwa ba.

Ana saura kwana biyu, ni da abokina muka hau babur zuwa Gwandu in yi wa mahaifiyata sallama. Ni ne ɗanta na fari, kuma wanda ya san gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta duban fuskata in tana magana, ba ta yaba mini a gaban kowa. In tana da magana da ni, wanda ke kusa take gaya wa, ina zaune ina ji. Alkunya ce, haka ita ma ta taras.

Muka gaisa, ta shiga ɗaki ta jawo wani ƙulli a tsohon zanenta, ta tura shi gaban abokina.

"Ka ce mishi ya tahi da wanga. An ce can ba su da miya."

Daddawa ce, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yaji, da busasshen kifi. Daddawar ba saya ta yi ba. Kalwa ta samo ta dafa yini guda, ta surfa, ta wanke, ta rufe kwana uku, ta daka da hannuwan nan nata da sanyi ya riga ya kama. Ƙanwata ta ce tun ranar da ta ji labarin tafiyar ta ɗora tukunya, ta kuma hana kowa ya taya ta. Na ce na gode. Ta ce wa abokina, "Allah ya kai lahiya." Iyakar sallamar ke nan.

A filin jirgi na Kano aka ɗora jakata kan sikeli, ta nuna talatin da ɗaya. Ma'aikaciyar ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce a rage kilo takwas. Ni da abokina da ya rako ni muka ja gefe muka zazzage jaka a gaban jama'a. Warin daddawa ya tashi, wani mai kwat ya toshe hanci ya matsa. Ni kuwa kunya ta rufe ni kamar an kama ni da kayan sata.

Abokina ya ce, "Hidda kayan Alhaji, in mayar mishi."

Na ce, "Amana ce. Da wane ido zan dube shi?"

"To rigunan nan naka hwa? Wa zai gan ka cikin tanka?"

Na yi kamar ban ji ba. Na ɗaga ƙullin Inna, na ji nauyinsa ya yi daidai da abin da ake nema.

"Kai, na Inna ne hwa," in ji shi.

"Inna ai tawa ce. Kai wa matarka ku yi miya, kuma kar in ji maganar nan a bakin kowa."

Sikeli ya nuna ashirin da uku cif. Har murmushi na yi.

Aikin ba a Jidda yake ba, ba kuma a Madina ba. Wani sansani ne cikin sahara, ba kowa sai mu da injuna. Wata huɗu na yi ina bin direbobi ina roƙo kafin saƙonnin nan su isa hannun masu su. Ɗan Alhaji da ya karɓi shaddojinsa, abin da ya aiko a gaya mini shi ne ba kalar da ya ce ba ke nan. Abinci kuwa shinkafa da burodi, gobe burodi da shinkafa. Akwai wani mutumin Nijar a ɗakinmu da ya zo da kuka a gwangwani, ranar Juma'a yakan ɗebo cokali biyu mu kaɗa mu shida. Ni da na bar kilo takwas a Kano, ni ne mai lashe tukunya.

Duk bayan sati biyu nakan kira abokina, ya hau babur zuwa Gwandu ya kai mata waya. Ba ta karɓa a hannu, sai ya buɗe murya ta yi magana daga gefe. Wata rana na ji ta ce, "Tambaye shi, daddawa ta yi?"

Na ce, "Ta yi ƙwarai, Inna. Har abokan aiki na santi."

"To madalla."

Haka ta riƙa tambaya, ni kuma ina ƙara gishiri. Yau kifin ya yi daɗi, gobe yajin ya sa wani Balarabe hawaye. Da aka yi wata shida na gaji da ƙirƙira, na ce ta ƙare. Ta ce, "Ta yi auki." Ba ta sake tambaya ba.

Da shekara biyu ta cika aka sabunta mini kwangila, aka ba ni hutun wata guda. Abokina ya tarbe ni a Birnin Kebbi. Muna kan hanyar Kalgo ya rage gudu ya ce akwai maganar da ta daɗe tana cin sa. Ashe da ya kai ƙullin gida, matarsa ta ce ita ba za ta zuba guzurin uwar wani a tukunyarta ba, ko da yunwa za ta kashe ta. Ya rasa yadda zai yi da shi, washegari ya mayar Gwandu.

Na ce, "Me Inna ta ce?"

"Ta duba ɗaurin ta ce, ko kwancewa ba a yi ba. Ta ce in aje can."

"Kana riƙe da waya ina zuba ƙarya wata shida, ba ka iya yin tari ba?"

"Ita ta ce in bar ka."

Na je Gwandu da tsaraba, atamfa da dabino da carbi. Ta karɓa, ta sa albarka, ta tambayi abokina ko aikin da wuya. Ba ta tayar da maganar ba. Ni ma na kasa. Shekara arba'in ba mu taɓa magana ido da ido ba, ban san ta inda ake farawa ba.

Da lokacin komawa ya zo, duk wanda ya kawo saƙo na ce masa babu wuri. Aka yi ta cewa Saudiyya ta hau mini kai, Alhaji ya koma amsa gaisuwa da ka. Na ɗauki jakata, kaya kala uku kawai a ciki, na kai ta har Gwandu. Na ajiye ta a bakin ƙofar ɗakin Inna, na buɗe zif kamar ina neman wani abu, na bar ta a buɗe don ta ga wurin da na bari. Muka zauna har aka kira la'asar. Abokina ya ga abin ya yi tsawo, ya ce, "Inna, ba a ba shi ɗan abin miya?"

Ta ci gaba da tsince wakenta.

"Jirgi bai ɗaukar irin namu kaya. A bar ma mutane wuri."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta sa albarka kamar kullum, muka tashi. A Kano jakata kilo goma sha ɗaya ta nuna.

Ta rasu ina can, a shekarar ƙarshe ta kwangilar. Na dawo, ga ni nan ina jan bas ɗin da na bari, sai dai yanzu tawa ce.

Masu shirin tafiya sukan zo su tambaye ni abin da za su zuba a jaka, don ana ganin na san hanya. Nakan ce kaya kala uku sun isa, da rigar sanyi mai kauri don sahara ma tana da nata, da maganin da jikinka ya saba da shi, takardunka kuma a jikinka. Ka kai jakar wurin mai awon hatsi ka auna tun a gida, inda za ka yi tunani a natse ba mai kwat a kanka. Sai in ce, in an zo ragewa, ka lura da kayan wa hannunka ya fara kaiwa. Nawa ya tafi kai tsaye ga na wadda na tabbata za ta yafe. Ta kuwa yafe, ban yi shakka ba. Ba ta dai sake ɗora mini tukunya ba.