Hannuwan Ruƙayya Matar Illo

Bangonmu ɗaya da Ruƙayya, don haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba. Mijinta Illo zabiya ne, kuma masunci, abu biyun da ba sa zaman lafiya a jikin mutum ɗaya. A kan tabkin Madarumfa rana daga sama take dukan mutum, ruwa kuma ya maido masa da ita a fuska. Wansa Idi, shi ma zabiya, haka ya yi ta su har wani ƙurji ya fito masa a ƙeya, ya ƙi warkewa, ya yi ta cinsa sai da ya kai shi kushewa.

Bayan sadakar arba'in, majo, wato babban malamin asibitinmu, ya ce wa Illo ya bar ruwa ko rana ta ci shi yadda ta ci wansa. Illo ya ce, "In na bar ruwa mi zan ci, inuwa?" Taurin kai dai na gidansu ne. Majo ya ba shi wani farin man shafawa a gwangwani, mai zama bisa fata ya tare rana. Da ya ƙare ba a sake samu ba, kuma shekarar da darajar sefa ta faɗi ko a Maradi ya fi ƙarfin masunci.

Ruƙayya ba ta zauna kuka ba. Ta san in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa ake yi. Ta samo farar ƙasa ta daka, ta tace da ƙyalle har ta yi laushi kamar garin koko, ta cuɗa da man kaɗe. Majo ya duba ya ce ba zai rantse a kansa ba, amma ya fi babu, muddin akwai malfa da riga mai dogon hannu.

Tun daga nan ba na bukatar zakara. Kowace safiya ta kan bango nake jin su.

"Tsaya, Malam, saura bayan kunne."

"Kin maishe ni bangon masallaci ana jiran Sallah."

"Duƙa in ga ƙeyar."

Ƙeyar nan ita ce tsoronta. Sai ta laluba ta da yatsu kafin ta shafa, kuma ni na san abin da take nema, da addu'ar kada ta samu. Abokan sunsa suka yi masa dariya har suka gaji. Shi kuwa ya yi furfura, ya ɗauki jikoki, kifinsa bai yanke a kasuwa ba.

Sai ga Hajiya Khadija, mai fatauci zuwa Jibiya, ta cika garin da mayuka masu hoton mata a kwali, wai suna hana tsufa. Ni ma na saya, ƙurajen da na samu su ne ribata. Ranar wani suna muna cin tuwo kwano ɗaya, Hajiya ta tsaya da loma a hannu tana kallon hannuwan Ruƙayya. Mu da muke sa'anninta namu sun yamutse kamar busasshiyar kuɓewa, nata kuwa sumul, ko ɗiyarta Hajara albarka. Hajiya ta ce ruwa ba ya tsami banza.

Washegari ta iso gidan, ni kuma na bi bayanta, don ba a yin irin wannan ba da ni ba. Illo na gindin itacen bedi yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi.

"Ruƙayya, tsakaninki da Allah, wane mai kike sawa? Hwaɗa mini in kawo shi in sayar."

Ruƙayya ta yi dariya ta ɗauko ɗan kaskonta. "Ga shi. Na Malam ne. Ni abin da ya maƙale a hannu nike samu."

Hajiya ta shinshina, ta dubi hannun, ta dubi fuskar Ruƙayya da ranar lambu ta gasa ta tattare.

"To mi ya hana ki shahwa ma huskarki?"

"Ba ya isar mutum biyu, Hajiya. Tawa huskar tsuhwa kaɗai za ta yi."

Na ga allurar Illo ta tsaya. Ni kuwa raina ya sosu, har na ji haushinsa, mutum shekara da shekaru ana shafa masa bai taɓa ɗaga ido ya ga mai shafawar ba.

Da safe na ji su kamar kullum, kunne, hanci, ƙeya. Sai aka yi shiru. Na taka turmi na leƙa, Allah ya yafe mini. Illo ya lakato man da babban yatsa yana shafa mata a goshi, a karkace, yadda mai koyon yaɓe ke yi.

"Malam, ɓarna kake! Na jibi ne wannan."

"Tsaya," ya ce, "saura bayan kunne."

Ran nan, da farar fuska Ruƙayya ta tafi lambu, kuma ko da mata suka yi ta yi mata tsiya, ba ta goge ba.